Sulen Kakan Direba

Ƙarar fashewar gilashi ce ta sa na saki almakashi na fito a guje. Shagon ɗinkina yana manne da na Baba Mai Madubi, tsohon da ke saye da sayar da tsoffin kwabban ƙasashen waje. Ɗan madubin da yake maƙalawa a ido in zai duba kwabo ne ya jawo masa sunan.

Na tarar wani ƙaton direba ya shaƙe masa wuyan riga, ya danna shi jikin kabad ɗin da ya fashe. Kwabbai sun watse a ƙasa, wasu na ta gangarawa cikin kwata.

"Ka musanya min!" direban yake ihu. "Zinare na kawo maka, ka miƙo min tagulla?"

"Ɗana, sake ni mu yi magana," in ji Baba, muryarsa na sarƙewa. "Naka ne. A gabanka na duba shi."

Gaskiya ya faɗa, don ina wurin da safen, na shiga aron tsintsiya. Direban ya kwanto wani sule daga ƙyalle, mai hoton kan wani sarki mai gemu, ya ce kakansa ne ya dawo da shi daga ƙetare. Wani dillali ya rantse masa cewa kuɗinsa zai saya masa motar kansa, ya huta da tuƙa ta wani. Baba ya ɗora sulen a sikeli, ya buga shi a tebur ya saurari amonsa, sannan ya nemi izini ya ɗan goga gefensa. Sai ga ja ya fito.

"Na kwaikwayo ne, ruwan zinare aka shafa masa," ya ce a hankali. "Ka yi haƙuri."

Direban ya ɗauki sulensa ya fita. Ashe wurin dillalin ya koma, shi kuwa ya ce ba wannan sulen ya gani jiya ba. Shi ne ya dawo wa Baba a fusace.

Na riƙe hannun direban ina cewa, "Bawan Allah, ya haife ka fa!" Ya yi wurgi da ni, na bugu da ƙofa, leɓena ya fashe. Kafin in tashi ya rarumi dutsen sikeli, na ƙarfe, ya sauke wa Baba a gefen kai. Ya ƙara. Baba ya sulale, jini ya wanke masa farin gemu.

Ihuna ne ya kawo kanikawan da ke tsallaken titi. Suka jawo direban waje, wannan da sifana, wancan da sarƙa, suka rufe shi da duka. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa. Na ji haƙorinsa ya yi tsalle a kan kwalta. Wani ya rataya masa taya, wani na cewa a kawo fetur.

Ina danne raunin Baba da wani yadin mutane da ban san na ɗauko ba, sai ya kama yatsana.

"'Yata," ya ce, "kar su kashe shi a ƙofata."

Ban san inda na samu ƙarfin ba. Na kutsa cikinsu na faɗa kan direban, sarƙa ta same ni a baya. "Baba ya ce ku bari! Yana da rai, shi ya ce ku bari!" Babban kaniken ya tsaya yana haki, ya dube ni jina-jina, ya fizge galan ɗin fetur daga hannun abokinsa. A haka 'yan sanda suka iso suka kwashi direban, mu kuma muka saka Baba a wata motar da kanikawan ke gyarawa muka nufi asibiti.

Sau ɗaya Baba ya farka. 'Yarsa, malamar makaranta, tana gefen gado tana jiƙa masa leɓe da auduga.

"Sulen yaron nan fa?" ya tambaya.

"Baba, mutumin da ya fasa maka kai kake tambaya?" in ji 'yar.

"Na kakansa ne. A mayar masa." Ya numfasa. "Ko shi kakan, ina jin cutarsa aka yi."

Daga nan bai sake magana ba. Washegari da hantsi ya cika.

'Yar ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin wanda ya kashe mata uba ba, ban ga laifinta ba. Ni na lalubo sulen ƙarƙashin tebur, na wanke shi, na kai inda ake tsare da direban. Fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Da na faɗa masa abin da Baba ya ce, ya ƙi miƙo hannu. Ya juya wa bango fuska, yana kuka. Na ajiye a hannun mai gadi na fito.

Bayan zaman makoki aka sa wa shagon kwaɗo. Babu wanda ya tuna ya kashe fankar da ke ciki. Duk sanda aka kawo wuta sai ta tashi ita kaɗai, iskarta na turo ƙura ta ƙasan ƙofa.