Inda Leland Ya Tsayar da Wasan

"Kocin nan ne ya kashe shi," in ji Gus Pulaski, bakinsa cike da dankali. "Karo na huɗu da yaron ya jefa ƙwallo hannun abokan hamayya, nan zuciyar Leland ta buga. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, 'Ku kore shi.'"

Muna ɗakin cin abinci na coci, ko awa guda ba a yi da binne Leland Novak ba, maƙwabcina na shekara arba'in da ɗaya. Maza shida suka gyaɗa kai kamar an karanta musu aya. Huɗu daga cikinsu ni na koya musu lissafi a sakandare, na san iyakar kan kowannensu.

"Gus, wa ya ji shi?" na tambaya.

"Ya ji me, Malama?"

"Maganar ƙarshen. Shi kaɗai ne a gidan. 'Yarsa Renata ce ta tarar da shi a kujera da ƙarfe goma na safiyar Litinin, ya riga ya yi sanyi. Ko kyanwarsa ce ta ba ka labari?"

Wani ya ƙunshe dariya. Gus ya goge baki.

"Merle mai aski ne ya faɗa, kuma kowa ya sani. Ranar Lahadi ma za mu kai maganar filin wasa. Mun sayi ƙyalle mai tsawon mota biyu. SABODA LELAND, A KORI HALDANE. Dole kyamara ta ɗauka."

Na ajiye kofina don kada in watsa masa.

Shekara huɗu ke nan da ƙungiyar garinmu ta ɗauko Corwin Ellery daga jami'a ta ba shi matsayin kwatabak, wato mai jefa wa 'yan wasa ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka, ta ɗora masa ƙwallo da burin gari duka. Tun daga lokacin layinmu ya rabu biyu. Wasu na cewa yaron yana da hannu amma ba shi da kai. Wasu, su Gus, na cewa kowane koci aka kawo shi ke lalata shi, a kora a kawo wani. An kori biyu. Haldane ne na uku.

Leland jam'iyyar mutum ɗaya ne. Duk Talata sai ya jingina da shingen da ke tsakanin gidansa da titi, ya tare Gus.

"Wannan koci ya ce wa yaron ja baya taku uku ka jefa, wancan ya zo ya ce taku biyar, kowa da littafin dabarunsa mai kaurin bulo. Bana ne karon farko da yaron ya yi shekara biyu a hannun mutum ɗaya. Ku kori Haldane, kun mayar da shi aji ɗaya. Malama, faɗa masa. Da an canza wa Gus malamin lissafi duk shekara, da ya iya?"

"Bai iya ba duk da ba a canza ba," nakan ce.

Shekara biyu Gus yana neman kayar da shi a wannan gardama, bai samu ba. Yanzu da mutumin ya kasa amsawa, an shigar da shi jam'iyyarsu, har za a rubuta sunansa da fenti.

Washegari na tafi shagon aski na Merle. Mace ba ta da abin yi a wurin, shi ya sa duk suka juyo suka dube ni da na shiga.

"Merle, kai ka ce Leland ya ce a kori koci?"

"Ni? Malama, ni dai cewa na yi wasan nan zai iya kashe mutum." Almakashinsa ya tsaya a sama. "Sauran a rediyo na ji. Shirin da ake buga waya."

"Wa ya buga wayar?"

Ya dubi wanda yake yi wa aski, ya dubi madubi.

"Muryar dai ta yi kama da ta Gus."

"To. Gus ya ji daga bakinka, kai ka ji daga rediyo, rediyo ta ji daga Gus. Ko a aji uku na ba ka sifili kan irin wannan hujjar."

"Amma Malama, jifa huɗu fa. Ni kaina sai da na sha magani."

"Kai a tsaye na same ka."

Akwai abin da duk layin ya sani, suka ƙi haɗa shi da labarinsu. Leland ba ya kallon wasa ranar Lahadi. Tun da aka kai matarsa Dolores gidan kula da tsofaffi, can yake wuni duk Lahadi, yana ba ta miya a cokali, ita kuma tana kiransa da sunan ƙanenta da ya rasu. Wasan sai ya sa akwatin talabijin ya naɗa masa. Idan ya dawo ya rataya jan tawul a marikin ƙofa, ma'ana kada wanda ya gaya masa yadda aka tashi. Ko mai kawo jarida ya san ya kifa ta. Safiyar Litinin yake zama da kofi da littafin rubutu.

Kuma ba kallo irin namu yake yi ba. Na zauna da shi sau biyu, na rantse ba zan ƙara ba. Kowane jifa sai ya tsayar, ya mayar baya, ya sake tsayarwa. Ba ya bin ƙwallo da ido, ƙafafun yaron yake kallo. Wasan awa uku yakan ci masa awa shida. Yana farawa da ƙarfe takwas. Renata ta same shi da ƙarfe goma, a sanyaye. Jifa na huɗun kuwa daf da tashi aka yi shi. Wannan ba ya buƙatar wadda ta yi shekara talatin da huɗu tana koyar da lissafi, amma da alama a layinmu yana buƙata.

Ranar Asabar da hantsi na ƙetara gidan. Jan tawul ɗin na nan a marikin ƙofa, ba wanda ya cire. Daga garejin Gus da ke tsallaken titi ana jin warin fenti da dariyar maza.

Renata na zaune a ƙasa tana ninke rigunan mahaifinta cikin kwali.

"Gus ya zo neman izini," ta ce. "Na ce su yi. In abin da Baba ya faɗa ke nan, ni wace ce zan hana?" Ta danna wata riga a kwalin da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. "Abin da ke ci min rai, Malama, shi ne ya tafi cikin fushi. Shi kaɗai, yana yi wa talabijin ihu. Gobe zan je wurin Mama, in ta tambaye ni shi, wannan hoton ne a kaina."

Sai a lokacin na gane girman ɓarnar da surutun Gus ya yi.

"Da kika shigo, talabijin na kunne?"

"Ina jin haka. Ban duba ba. Na kashe kawai."

"An taɓa shi tun ranar?"

"A'a."

Na fita bakin ƙofa na kira Gus da muryar da nake kiransa da ita yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya zo, hannayensa duk baƙin fenti, Merle na biye da shi.

"Malama, saura harafi uku mu gama."

"Kada ka taɓa komai. Tsaya nan."

Kujerar Leland na fuskantar talabijin, da ramin da jikinsa ya yi mata. A kan ƙaramin teburin gefe akwai kofin da kofi ya bushe a gindinsa, da gilashinsa, da littafin a buɗe, biro a tsakiya. Na miƙa wa Renata abin kunnawa. Akwatin ya tambaya ko a ci gaba daga inda aka tsaya. Ta danna, hoton ya fito, na ce ta tsayar da shi nan take.

"Gus, karanta mana agogon wasan. Lambobi ne, ka yi a hankali."

Ya matso, ya ƙanƙance ido.

"To karanta wannan." Na ɗaga masa littafin.

Rubutun Leland ne, manya-manyan haruffa irin na mutumin da ya yi rayuwarsa a masana'antar ƙarfe. Gus ya karanta a ransa, leɓunansa na motsi. Merle ya leƙo ta kafaɗarsa ya karanta a fili: "Taku uku, ƙafar baya ta kafu. Yanzu ya fara ganewa. A bar su su biyun."

Gus ya dubi hannayensa. Ya nemi inda zai goge su bai samu ba, ya soka su cikin aljihun wandonsa.

"Merle," ya ce a hankali, "je ka rufe gwangwanin fentin nan kada ya bushe."

Renata ta zauna a hannun kujerar mahaifinta, tana kallon allon.

Minti tara da fara wasa. Muna da maki bakwai, su ba su da ko ɗaya. Ellery bai jefa wa kowa ƙwallo ba tukuna sai 'yan ƙungiyarsa, yana tsaye a tsakiyar fili da hannaye biyu a sama, Haldane na tahowa da gudu daga gefe. Nan Leland ya tsayar da wasan, bai ga sauran ba.