Taku Ɗari Huɗu na Mai Wanki

Ga ta nan ga ta nanku. Ku amsa mana, ku ce ta zo mu ji. Sai dai wannan a gaban idona aka yi ta.

"Karanta mini duka," in ji Baba Mai Wanki. "Har wanda kika tsallake."

Ina zaune a bakin gadonsa, na kawo masa ruwan zafi. Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninmu. 'Yarsa Malama tana tsaye riƙe da waya, ta rasa inda za ta sa idonta.

Bari in koma baya kaɗan. Malama ta buɗe shafi a intanet, tana ɗaukar muryar tsofaffi suna faɗin yadda unguwa take kafin gidaje su cinye ta: ina bishiyoyi suke, ina tafki yake. Duk wurin da aka faɗa sai ta sa masa alama a taswira, in ka taɓa ka ji muryar mai labarin. Uban nata ya ba da labarin idon ruwan da ya yi shekara ashirin yana wanki a bakinsa, kafin a cike shi da shara a yi gini a kai. Ya ce daga ƙofarsa, ka bi gangare, taku ɗari huɗu cif. Sai ta kama hannunsa, ga sanda, suka ƙirga tare. Ɗari huɗu ta kai su ƙofar mai walda. Nan ta dasa alamar.

To, ran nan ta karanta masa sharhin da ta tsallake. Wani ne ya rubuta: "A nan aka haife ni, wurin nan dutse ne zalla. Tsoho ya fara ruɗewa, a bar shi ya huta."

Baba ya juya fuskarsa ga bango.

"Rediyo," ya ce, haka yake kirana saboda surutu, "yau ba ki da labari? Faɗa musu mana."

Me zan faɗa? An riga an binne ruwan kafin a kawo ni unguwar. Waɗanda suka san shi kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Kwana uku bai sa komai a bakinsa ba. Dama zuciya ce take damunsa, ƙafafu sun kumbura suntum. Malama ta ce za ta goge shafin gaba ɗaya. Ya ce, "In kin goge, kin yarda ke nan ƙarya na yi."

Rana ta huɗu babban ɗana ya raka ni awon jini. Yana gaba ina baya ina haki. Na ce, "Kai, jira ni! Taku ɗaya naka uku nawa ne." Ina rufe baki na tsaya cak a tsakiyar titi. Awon da ban je ba ke nan.

Na faɗa ɗakin Baba ko sallama ban gama ba.

"Yaushe ka ƙirga takun nan?"

"Ina da shekara ashirin da biyar."

"To da wace ƙafar ka sake ƙirgawa?"

Ya dubi ƙafafunsa, ya daɗe yana kallo. Malama ta ɗora hannu a ka.

Washegari da hantsi muka samo bakaniken da ke tsallaken titi, dogo ne kamar Baba a zamaninsa. Baba ya ce ba haka kawai ake tafiyar ba, sai da ƙunshin wanki a ka, kuma da sauri, kamar mai tsoron a riga shi dutsen wanki mai kyau. Muka tattara zannuwan gado muka ɗaure masa.

"Inna, in abokan aikina suka gan ni haka, na shiga uku," in ji bakanike.

Na ce, "Wuce, ai ka fi kyau da shi a kan baƙin man nan."

Malama ta bi shi da waya, ta kira tawa ta bidiyo. Ni kuma na riƙe wa Baba ita a gaban fuska, hannuna yana ta karkarwa.

"Rediyo, tsayar da hannu, kina sa mini jiri."

Muna jin bakanike yana ƙirga da ƙarfi. A ɗari biyu da talatin ya wuce mai walda, ko waiwaye bai yi ba. Leɓen Baba yana motsi tare da shi. Titi ya yi ta gangarawa. Ɗari uku da casa'in da tara. Ɗari huɗu.

Bayan wani shagon fenti ne. Katangar ta yi kore har gwiwa, alhali wata biyar ba a ga ruwan sama ba. Mai shagon ya fito yana tambayar lafiya. Da aka yi masa bayani sai ya kama baki.

"Sau uku ina sake filasta! Har mai gyaran famfo na kora, na ce bai iya aiki ba."

Bakanike ya sauke ƙunshi, ya zaro sukudireba daga aljihu, ya tona gindin katangar. Bai kai tsawon hannu ba ramin ya fara tara ruwa, a hankali, garai-garai.

"Matso da ita," in ji Baba. Malama ta durƙusa da wayar. "Sa hannunki. Da sanyi?"

"Da sanyi, Baba."

"Shi ne." Ya lumshe ido. "Gyara alamar."

Ya nemi shayi, ya sha rabin kofi. Kafin la'asar rai ya yi halinsa, Malama tana riƙe da hannunsa.

Ta gyara alamar bayan kwana bakwai, har yau tana ɗaukar muryoyin tsofaffi, ta ɗauki tawa ma, sai da wayar ta cika. Bakanike ya koma ƙarƙashin motocinsa. Ɗakin Baba an ba wani tela haya. Mai fenti bai toshe ramin ba, ya kewaye shi da bulo huɗu. Da safe tsuntsaye sukan sauka a kai su sha.