Tukunyar da Ta Tafi Aro Tofa

"Ba nan ba," in ji Yakaka, ta fizge gorar lemon daga hannun Aina'u. "Gora fara nan, mai launi can. Murfin kuma buhunsa daban."

Ranar farko ke nan da Aina'u ta fara aikin tsince kaya a filin 'yan gwangwan na bayan Dawakin Tofa, kanta har ya fara juyawa. Ita a saninta shara shara ce. Ashe shara ma tana da dangi, kuma ba sa ga maciji da juna.

Yakaka, wadda ta daɗe tana koya wa sababbi, ta miƙa mata maganaɗisun tsohuwar lasifika. "Abin da ya kama, ƙarfe ne. Wanda ya ƙi, dalma ce, ki jefa can. Da la'asar maƙeran tukwane za su zo su kwashe su narka. Kuma abin da ya hau sikelin mai filin, Alhaji Kolo, ba ya fita daga filin nan, ko cokali ne."

Aina'u ta nufi tarin dalmar, sai ta tsaya cak. Ga tukunyar mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, a kife, da kunnenta ɗaya da aka ɗaure da ƙusoshi. Tukunyar da maigidanta Nababa ya ce ƙanwarsa ta ara don suna a Tofa. Yaron sunan yanzu har yana rarrafe. Ashe sayar da ita ya yi.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. A tukunyar nan Inna ta yi tuwon bikinta.

"Yaya Yakaka," ta ce a hankali, "idan abu ya haɗa ƙarfe da dalma fa?"

"Gauraye ke nan. Maƙera ba sa so. Wadda ta tsinta ta je ta raba, ta dawo da nauyin dalmar cif."

Aina'u ta kai maganaɗisun kunnen tukunyar. Ƙyas, ya manne a ƙusoshin.

Yakaka ta dubi tukunyar, ta dubi idon Aina'u. "Ke dai kin cika saurin gane karatu."

"Nauyin dalmar kika ce ko? Ba lallai ita ɗin ba?"

"Sikeli bai san fuska ba. Ki dawo kafin la'asar."

Da azahar Aina'u ta shiga gida ta ƙofar baya, tukunya a ƙarƙashin hijabi. Nababa yana gona wajen gyaɗarsa. Ta shiga ɗakinsa da maganaɗisu, tana bin kaya ɗaya ɗaya kamar malamar asibiti. Fitila ta kama. Kwanon sha ya kama. Babbar butar shayin nan da yake taƙama da ita a majalisa, wadda ko yara ba ya bari su taɓa, ta ƙi. Tirenta ma ya ƙi. Aina'u ta yi hamdala.

Kafin la'asar ta kai butar da tiren filin a madadin tukunyar. Sikeli ya ɗan rage kaɗan, Yakaka ta kau da kai tana gyara ɗankwali.

Da yamma Nababa ya dawo, ya hura gawayi, abokan hira sun fara shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya sake shiga.

"Aina'u, ina butata?"

Tana tsakar gida tana tuƙa tuwo. Ya bi muciyar da ido har ƙasa, ya ga kunnen nan mai ƙusoshi. Bakinsa ya buɗe.

"Au, butar?" ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Suna ake yi a Tofa, Malam. Aro suka zo."