Sunan da Na Goge

Aikina a ofishin zaɓe shi ne tace rajista. Idan suna ɗaya ya fito sau biyu a gida ɗaya, sai in goge guda. Na dinga gogewa ba ji ba gani, har ina yi wa abokan aiki kurin cewa hannuna ya fi nasu sauri.

Ranar zaɓe ni na kai Inna, yayar mahaifiyata, rumfa a mota saboda ciwon gwiwarta. Awa uku ta yi a layi tare da jikarta. Jikar ta jefa ƙuri'a. Da aka zo kan Inna, jami'in ya bi takarda da yatsa sama da ƙasa.

"Mai wannan suna ɗaya ce a gidan, kuma yanzu ta yi zaɓe," in ji shi.

Nan na gane ni na goge ta. Tun ina yaro Inna nake kiranta, jikar kuma Ƙarama muke ce mata. Ban taɓa sanin sunansu ɗaya ba. Gidan ma da jar ƙofarsa na san shi, ba da lambar da ke rajista ba.

Inna ta mayar da katinta jaka, ta dube ni.

"Kai da kake aiki can, nemo mini wanda ya kashe ni a takarda. Ba zaginsa zan yi ba. So nake in tambaye shi ko ba shi da tsoho a gida."

"To, Inna," na ce, kaina a ƙasa.

Har yau duk na je gaishe ta sai ta tambaye ni ko na same shi.