Wasiƙar da Onno Bai Buɗe Ba

Onno Reemts na cikin jawo kwalin daga ƙarƙashin teburin aiki sai gindin kwalin ya ɓalle, ambulan suka watsu a tsakar garejin. Ya ja tsaki ya durƙusa. Shekara goma sha tara ke nan shi ke kula da kayan aikin 'yan kwana-kwanan sa-kai na garin, kuma duk tsawon shekarun nan kamfanin da ya ƙera musu motar tsani bai gaji da aiko takardun talla ba, yau sabuwar hula, gobe sabuwar mesa. Tuni Onno ya daina buɗewa. Tara su yake a kwali, ranar Alhamis bayan atisaye ya hura gawayin gashin nama da su. Kowa ya sani, har tsiya ake masa wai shi kaɗai ne ya gano amfanin kamfanin.

Wata ambulan ta tsaya a gaban takalminsa. Kamanninta ɗaya da sauran, sai dai akwai siririn jan layi a gefenta. Ya farke ta da ɗan yatsa.

Kamfanin ne ke sanar da cewa an gano lahani a bawul ɗin da ke riƙe mai a ƙarfen da ke ɗaga kwandon da mutum ke shiga a saman tsanin, zai iya saki ba shiri. A daina ɗaga mutum nan take har sai an canja shi. Ga lambar motarsu a rubuce ɓaro-ɓaro. Onno ya kai idonsa kan kwanan wata: shida ga Fabrairu.

Frauke Dirksen ta faɗo ne ranar ɗaya ga Maris.

Wani abin baƙin cikin, ko gobara ba a yi ba ranar. Al'adar garin ce duk shekara, kafin shamuwa su dawo, 'yan kwana-kwana su hau su gyara musu sheƙar da ke kan dogon turke a bayan coci. Frauke, mai gidan burodi kuma ɗaya daga cikinsu, ita ta ce bana ita za ta hau. Ta shiga kwandon ta daki ƙarfensa da tafin hannu ta ce, "Lafiyarta ƙalau, tsoho?" Onno, da hannunsa a kan maɓallan, ya ce, "Sumul." Tana gab da sheƙar kwandon ya sulluɓo taku goma sha biyu ya tsaya cak. Ƙashin bayanta ya tsage wuri biyu. Yau kwana tara.

"Onno! Kana ciki?"

Hinrich Bruns ne, kwamandansu, ya shigo yana huci. Kafin ya ƙaraso, takardar ta riga ta shige aljihun Onno. Shi kansa bai san lokacin da hannunsa ya yi aikin ba.

"Ka ji mutanen kamfanin nan? Wai sun aiko mana da wasiƙa tun watan jiya. Ƙarya suke, wallahi! Na birkice ofishina, na je ofishin magajin gari, babu. Jibi masu bincike za su zo, a gabansu zan wanke su tas." Ya dubi tarin da ke ƙasa. "Wannan fa?"

"Tallace-tallacen nan ne da ka sani."

"To kwashe, kada su ce a juji muke zaune." Ya dafa kafaɗarsa. "Kai kuma ka riƙa cin abinci. Ka zama kamar sandar shanya."

Bayan ya fita Onno ya daɗe tsaye. Ga murhun gashi nan a kusurwa, ga ashana a kan kanta. Minti ɗaya ya isa, kuma babu mahaluƙin da zai taɓa sani. Ya ɗauki ashanar ya jujjuya, ya mayar. Ba nagarta ce ta hana shi ba, gaskiya. Hannunsa ne ya ƙi. Ya rufe garejin ya nufi tashar bas.

Bas ɗin ƙarfe ɗaya ya bi ta bayan coci. Onno ya ɗaga kai. Shamuwa sun iso, su biyu, tsaye kan sheƙar da ba a gyara ba suna harkar gabansu. Ashe ba su buƙaci kowa ba. Ya sunkuyar da kai, takaici ya cika masa ƙirji. Da ya buɗe. Da ko sau ɗaya cikin Alhamis uku ya duba abin da yake yagawa. Ambulan nawa ya ƙona a makonnin nan, amma ita wannan ta koma ƙasan kwali ta zauna jiransa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: duk wanda ya gaishe shi a motar sai ya ji gabansa ya faɗi.

A asibiti ya tarar da Frauke kwance a rigingine, an ɗaure ta daga ƙirji zuwa ƙugu, idonta a kan silin.

"Na ji takunka tun daga nesa," ta ce. "Babu mai jan ƙafa irinka. Me ka kawo min?"

"Ganyen shayi. Da sukarin dutse."

"Allah ya yi maka albarka. Abin da suke ba mu a nan ruwan wanke kwano ne. Zauna inda zan gan ka, ba na iya juyawa."

Ya jawo kujera ya zauna, hularsa a kan gwiwa.

"Jelko ya zo ɗazu," ta ce. Mijinta ke nan. "Shekara ashirin yana kallona ina kwaɓi, amma jiya burodi tire biyu ya mayar gawayi. Na ce ya kai maka, ka huta saye."

Onno ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. "Likita fa?"

"Zan yi tafiya. Wataƙila da sanda. Tsani kam na gama da shi. Ɗaga buhun fulawa ma sun ce in manta. Kai, daina min wannan fuskar. Kwana tara kana zuwa kamar mai ta'aziyya. Ba kai ka ƙera bawul ɗin ba."

"Frauke..."

"Saurara. Hinrich ya ce kamfanin zai turo mutum ya canja. Na ce masa kada ya bari a taɓa ko ƙusa ɗaya sai kana tsaye a kai. Mutanen da wasiƙa ma ta gagare su aikowa? 'Yata ta ƙi ji, ta ce baɗi za ta shiga aikin. In har za ta hau kwandon nan, hannunka kaɗai na yarda da shi."

Onno ya ji maganar har ƙashinsa. Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar, duk ta yamutse.

"Sun aiko," ya ce.

"Me?"

"Wasiƙar. Sun aiko."

Ta dube shi ta gefen ido. "Riƙe min. Ba na iya ɗagowa."

Ya miƙe ya riƙe takardar a saman fuskarta. Yana kallon idanunta suna bin layukan, suka sauka ƙasa, suka koma sama inda kwanan watan yake, suka tsaya.

"A ina ka same ta?"

"A kwalina. Na hura gawayi."

"Yaushe?"

"Yau da safe."

"Ba ka buɗe ba ke nan."

"Ban buɗe ba."

Keken abinci ya wuce a baranda. Onno ya so ya ce ta yi haƙuri, ya ga kalmar ta yi kaɗan, ya haɗiye ta.

"Na gama," ta ce a hankali. "Sauke. Hinrich ya sani?"

"A'a."

"To kai za ka gaya masa, ba ni ba. Kafin jibi, kada ya je ya kunyata kansa a gaban mutane."

"Zan gaya masa."

Ta lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shige cikin kunnenta, Onno ya ɗaga hannu zai share, ya fasa.

Wata sabuwar nas ta turo ƙofa da faranti a hannu. Ta dubi dattijon da ke tsaye, ta dubi ƙunshin shayi a kan tebur, ta yi murmushi.

"Mahaifinki ne ya zo?"

"A'a," in ji Frauke, ba ta buɗe ido ba. "Tare muke aiki. Tafiya ma zai yi."

Onno ya ninke takardar, ya ɗauki hularsa.