Taurari Bakwai na Kawu Lado

A kan babur ɗinsa aka kawo Kawu Lado, an ɗaure shi da igiyar roba kamar buhun gero. Rana tsaka ne, ranar kasuwar Bukkuyum. Jini ya bi ta salansar babur ɗin ya bushe. Shafi'u ya kutsa cikin taron, sai ya ga wayar kawun nasa a cushe cikin bakinsa, haƙoran gaba sun karye.

Fasinjan da ya turo babur ɗin, Abdulrahman mai awon wake, ya dafe gurbin kunnensa na dama da tsumma.

"Hanyar Zugu sunka tare mu," in ji shi. "Babban nasu ya fiddo tashi waya, ya karanta, Lado Kabu-kabu, tauraro bakwai. Ya ce, ashe kai na gwanin tona mu? Kowane tauraro harsashi guda. Yana harbi yana ƙirgawa. Ni sunka yanke min kunne, wai in kawo saƙo."



*

Shafi'u ne ya haɗa wata manhajar waya bayan ya gama karatu. Ɗan kabu-kabu ko manomi in ya hangi 'yan bindiga sai ya latsa, hanyar ta yi ja a wayar kowa, daga Anka har Gummi. Ba suna, ba lamba. A buɗe ya bar ta, kowa a duniya na iya leƙa cikinta ya aiko da gyara. Amma wuƙa da nama na hannun Shafi'u, sai abin da ya karɓa ke shiga.

Wata biyu da suka wuce wani Bature ya aiko da nasa gyaran. Ba mugu ba ne. Ya rubuta doguwar takarda mai daɗi, ya ce mutane masu jarumta haka ya kamata a yaba musu. Shafi'u ya karanta yabon sau uku, ya nuna wa abokai. Gyaran kansa kuwa sama-sama ya duba, ya karɓa kafin la'asar, har da godiya. A ƙasarsu Baturen, wanda ya fi taimako shi ake kafe sunansa a allo. Abin da gyaran ya yi ke nan: duk wanda ya latsa sai sunansa ya fito, kowane rahoto tauraro guda.

Kawu Lado ne ya fara lura. Ya sami Shafi'u a zaure yana cin tuwo.

"Kai ɗan Tabawa, abin nan naka ya fara kiran sunana. Wani yaro ya nuna min a tasha."

"Kawu, ba haka ake kawo ƙorafi ba. Akwai shafi. A rubuta abin da ya faru, da irin wayar, da yadda za a sake ganinsa."

"Da wane hannun? Ni da ko sunana sai an nuna min?"

"Doka ce, Kawu. In na karya maka, kowa sai ya zo zaure."

"To Malam Doka. Na yi maka wankan tsarki kana ƙarami, ban nemi takarda ba."

Ya yi dariya, ya saci loma guda a kwanon, ya fita. Da yamma ya aiko da saƙon murya. Shafi'u ya ga alamar, ya ce sai ya samu sarari. A makon nan ya amsa wa Baturen sau huɗu.

*

Bayan an dawo daga maƙabarta ya buɗe kwamfuta. Gyaran Baturen layi uku ne. Cire su bai kai tafasar shayi ba. Sunaye ɗari da goma sha suka ɓace daga allon, amma wa ya san wayoyi nawa suka riga suka ɗauki hotonsu a daji?

Inna Tabawa ta shigo ɗakin, idonta a bushe. Ba ta zauna ba.

"An ce ƙanena ya yi maka magana."

"Ya yi, Inna."

"Mi ya ce?"

Shafi'u ya ɗauko waya. Saƙon na nan, ba a taɓa buɗe shi ba, daƙiƙa goma sha tara. Ya latsa. Ƙarar babura ta cika ɗakin, sannan muryar, tana dariya.

"Malam Doka, ga ƙorafina da baki, shi Allah ya ba ni. Ka cire min taurarin nan, ni ba soja ba ne. In ka samu sarari."

Inna ta miƙa hannu.

"Sake sa min," ta ce.