Shaidar Baba Idi

Shekara biyu na yi a kulob ɗin muhawara na jami'a a Damagaram, kuma in gaskiya za a faɗa, kowa ya riga ni gajiya da jin muryata. Kowace Laraba bayan la'asar muna taruwa a amfi, babban zauren lacca, fanka ɗaya tana juyawa kamar an yi mata dole, Mushe Lawan, wato Malam Lawan, mai horar da mu, yana zaune da agogo a gabansa. Minti bakwai yake ba kowa. In ka wuce sai ya buga tebur da tafin hannu, ko kana tsakiyar kalma ne.

Akwai maganar da ya yi ta nanata mana har ta zauna a kanmu, wani lokaci da Faransanci, in ya fusata da Hausa. "Duk abin da abokin hamayya ya faɗa ka yi shiru, to ka yarda da shi. Kada ka jira ya gama gini sannan ka zo rushewa. Tashi tun yana kwaɓa ƙasa." Ni kuwa na iya tashi. Da mutum ya tsaya jan numfashi sai ya gan ni tsaye da hannu a miƙe. Ƴan kulob suka sa mini suna Almakashi. Rabi, wadda muke ƙungiya ɗaya da ita, takan ja gefen rigata ta ce, "Sulaiman, ka bar bawan Allah ya haɗiye yawu mana." Da wannan hali muka ci wani ɗan kofi na gwangwani, na tura hoton gida, Baba ya yi ta nuna wa mutane a bakin masallaci.

Gidanmu wani ƙauye ne a ƙasar Gaffati. Gonarmu jigawa ce da ta gaji da mu, sai gefe ɗaya, daga gindin wani babban gawo zuwa bakin kwari, nan ne gero yake yin kai. Abin da ke fita daga wannan gefen shi ke kai rumbunmu ga wata damina. Sauran gonar, ka shuka ka yi addu'a.

A bazarar nan Baffa Mai Nasara, ɗan baffan Baba, ya dawo daga Kano bayan shekarun fatauci, ya ce gefen gawon na ubansa ne, marigayi Malam Ɗanƙarami. Babu takarda, don lokacin da kakanni suka raba ƙasa ba wanda ya san hanyar meri, ofishin magajin gari. Cikin waɗanda aka yi abin a gabansu saura mutum ɗaya da rai, Baba Idi, wanda ya haura tamanin.

Baba ya kira ni a waya ya ce, "Asabar za a zauna gaban mai gari. Ka zo ka zauna kusa da ni, a ga ina da ɗa."

Abin da ya roƙa ke nan. Amma ni, mai kofi, na kwana uku ina cika kaye, littafin rubutuna, da hujjoji, na jera abin da za su ce da abin da zan mayar. Ranar Juma'a na hau moto, babur ɗin haya, cikin zafin da ke sa mutum ya tsani ko inuwarsa. Inna ta ga kayen a hannuna ta ce, "Ajiye takardar nan ka ci tuwo, ba jarrabawa aka kira ka ba." Na yi dariya, na ci tuwon da hannu ɗaya.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a ƙofar mai gari. Gaisuwa kaɗai ta ci minti ashirin, na duba agogo. An tambayi lafiyar iyali, da ta dabbobi, da ta mutanen Kano da ba wanda ya san su. Da aka tambayi Baba Idi jiki sai ya ce, "Jiki sai godiya. Abin da na ci jiya ma ban tuna ba." Aka yi dariya, ni kuwa na rubuta a kaye.

Baffa Mai Nasara ya yi magana mai tsawo. Da aka zo kan Baba, abin da ya ce bai wuce wannan ba: "Na tashi na tarar da ubana yana noma wurin. Ya rasu ya bar mini. Iyakar abin da na sani ke nan." Na ji kamar in kama shi in girgiza.

Sai mai gari ya juya ya ce, "Malam Idi, garin nan kai ka rage mana. Faɗi abin da ka gani."

A garin nan aka yanke mini cibiya, na san yadda tsofaffinmu ke ba da shaida tsakanin ƴan'uwa. Ba a tsirara mutum a gaban jama'a. Wanda gaskiya za ta kayar, shi ake fara yabo, a faɗi alherin ubansa, a ba shi duk abin da yake da shi na gaskiya har ya ji an daraja shi, sannan a kawo abin da ya rage. Tun ina ƙarami nake ganin haka. Na san wannan kamar yadda na san hanyar rijiya, amma ranar nan ban tuna ba.

Baba Idi ya gyara zama ya ce, "Ɗanƙarami, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Kuma wurin nan da ake magana, na gan shi da idona yana nomansa. Damina uku a jere. Gero ya yi kyau a shekarun nan, har tsuntsu ya ƙoshi. Mai Nasara, kai kanka kana goye aka riƙa kwantar da kai a gindin gawon nan."

Baffa Mai Nasara yana gyaɗa kai. Na dubi Baba, kansa a ƙasa, yana zane a rairayi da tsinke. Ni kuwa ina lissafi, don a amfi duk wannan maki ne yake zubewa ɓangaren abokin hamayya, mu muna zaune. Tsohon ya tsaya ya ce a ba shi ruwa. Aka miƙa masa moɗa. Kafin ya kai ta baki na miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya."

Ban jira mai gari ya amsa ba. Na ce, "Baba Idi, ka ce damina uku. Waɗanne shekaru ne? Ɗazu da bakinka ka ce ba ka tuna abin da ka ci jiya ba, to yaya aka yi ka tuna abin da ya fi shekara hamsin? Tsakanin gonarka da gawon akwai tudu, ta ina ka hango? Sannan a gaya wa jama'a, ƴarka Shatu ba ƙanen Baffa Mai Nasara take aure ba? Shaidar suruki a kan gonar surukinsa, wane ma'auni za a ɗora ta?"

Ba zan ɓoye ba, na yi magana mai kyau. Muryata ba ta yi rawa ba, na dubi kowa ido cikin ido yadda aka koya mana, da Mushe Lawan yana wurin da ya ba ni maki mai yawa. Na ji Baba yana jan ƙafar wandona. Na saba da jan Rabi, ban ko duba ba.

Baba Idi ya ajiye moɗar bai sha ba. Bai dube ni ba, mai gari ya duba.

"Yaron nan ya yi gaskiya," in ji shi. "Na tsufa, ido ya tafi, kuma surukaina ne. A cire maganata, duka."

Mai gari ya ce, "Haba Malam Idi, yaro ne. Ƙarasa mana."

"Babu saura."

Ya lalubi sandarsa, ya sa takalmi, ya tafi a hankali. Ba wanda ya tsayar da shi. Ni ina tsaye har lokacin, don ban san yadda ake zama bayan irin wannan ba.

Mai gari ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce tunda shaida ta faɗi, sai rantsuwa, kuma a kan wanda ke riƙe da gona take. Liman ya kawo Alƙur'ani. Baba ya dube shi ya girgiza kai.

"Ban ga rabon nan da idona ba, ji na yi. Ba zan dafa Littafin Allah a kan abin da na ji ba."

Rantsuwa ta koma kan Baffa Mai Nasara. Ya yi alwala ya dafa, ya rantse ubansa ya noma wurin kuma ya gaya masa nasa ne. Ba zan ce ƙarya ya yi ba, mai yiwuwa abin da ya tashi da shi ke nan. Aka shafa fatiha, aka naɗe tabarmi, kafin azahar gefen gawo ya bar hannunmu.

Bayan la'asar Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka je ka ba tsohon nan haƙuri." Na tafi. Na same shi a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa duk gaisuwar bai rage ko ɗaya ba, abin da ya fi zagi ciwo. Na ce na yi kuskure, ya yafe mini.

"Na yafe, Sulaiman. Kai ma ubanka kake karewa."

Ya ci gaba da tufka, can ya ce, "Shekarun nan uku, aro ne. Rairayi ya binne gonar Ɗanƙarami, kakanka ya ce ya noma gindin gawo kafin Allah ya kawo sauƙi. Kowace kaka yakan fitar da dami ɗaya ya aika wa kakanka, don kada ƴaƴa su manta mai wuri. Ni nake ɗaukar damin a kaina in kai. Sau uku."

Na ce, "Baba, don Allah mu koma wurin mai gari ka faɗi wannan."

"An riga an dafa Alƙur'ani. In je yanzu in ce wa gari ɗan Ɗanƙarami ya rantse a kan abin da ba haka ba? Da lokacin faɗinta, ɗana. Ruwa kawai na tsaya sha."

A gida na kawo maganar jastis, wato kotu, a Damagaram, na ce ina da abokai masu karatun shari'a. Baba ya ce a'a, bai ƙara komai ba. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na samu sauƙi. Na gaji ƙwarai ranar nan, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Lahadi da safe ya raka ni bakin hanya in sami moto. Hanyar ta gefen gona take bi. Mun tarar da ƴaƴan Baffa Mai Nasara har sun fara zuba taki a gindin gawo. Suka gaishe mu, Baba ya amsa, ya yi musu sannu da aiki. Muka wuce. Sai da muka kusa kwalta ya yi magana.

"Can lakwal, wurin karatun naku, minti nawa ake ba mutum ya faɗi abin da ke bakinsa?"

"Bakwai, Baba."

Ya gyaɗa kai, yana kallon hanya.

"To shi Idi ko biyar ba ka ba shi ba."